Ka Rage Wannan Abu

Ranar da rikoda ta cinye kaset ɗin Baba, Malama tana zaune a falo tana duba takardun jarrabawar 'yan aji huɗu. Ta ji waƙar ta fara ja kamar mai jin barci, sai ƙiii, sai tsit. Allah ya gani, abin da ya fara zuwa bakinta shi ne alhamdu lillahi.

Kada a ga laifinta. Shekara shida ke nan tun da tsohon ya dawo gidanta da zama, kuma shekara shida ke nan kullum ƙarfe huɗu na yamma sai an sha waƙar Dogo Mai Jita, wani mawaƙi da ya mutu tun Malama tana goye. Waƙa ɗaya tak, ba ta biyu. 'Ya'yanta sun haddace ta, mijinta ya haddace ta, har maƙwabciya in tana shanya sai ka ji tana binta ba ta sani ba.

"Uwata!"

Haka Baba yake kiranta. Yadda muryar ta fito ne ya sa ta jefar da jan biro ta tashi.

Ta same shi a bakin gado, kaset a tafin hannu, zaren ya zubo har kan gwiwarsa, ya cukurkuɗe ya tsinke. A nan alhamdu lillahin ta koma mata ciki, don ta san abin da ke cikin kaset ɗin nan, kowa a gidan ya sani.

Shekara arba'in da uku da suka wuce, lokacin Baba yana aikin rarraba wasiƙu a gidan waya, ya sayi rikoda. A zamanin in kana son waƙa, sai ka kafa rikoda a gaban rediyo ka jira a sako ta, ka danna. Duk abin da ya yi motsi a ɗakin shiga yake. To bayan baiti na biyu, wurin da Dogo ke yin shiru ya bar jita tana magana ita kaɗai, sai ka ji muryar mace daga kicin, a fusace: "Don girman Allah ka rage wannan abu, yarinya na barci!" Sai dariyar Baba. Sai kukan jaririya. Jaririyar Malama ce, mai faɗan kuma Inna, mahaifiyarta, wadda yau shekara goma sha tara da rasuwarta. Inna ba ta son hoto, balle a ɗauki muryarta. Kalmomin nan goma su ne kaɗai abin da ya rage na bakinta a duniya.

Amma fa Baba bai taɓa yarda ba. Kullum in an zo wurin sai ya mayar baya, sau uku, sau huɗu, yana cewa, "Ji hannu! Ji yadda yake tsinkar jita. Yanzu ina ake samun irin wannan?" Malama ta kan ce a ranta, jita dai, Baba, jita.

Ta kira ƙaninta Auta. Auta mutum ne mai shekara talatin da biyar da tumbi da mota, kuma tun yaushe yake cewa zai juye kaset ɗin a waya. Gobe, jibi, in an yi hutu. Shi ma Baban da nasa laifin, ko bakin ƙofa ba ya yarda a kai kaset ɗin. Ita ma Malama, in za a faɗi gaskiya, sau nawa ta ce za ta zauna ta ɗauka da wayarta? Kullum sai ta ce ai gobe ma ƙarfe huɗu za ta yi.

Auta ya iso da yamma yana fara'a, da wata 'yar sifika a hannu.

"Baba, kwantar da hankalinka. Ga ta nan na samo, fes, ko ƙura babu."

Ya kunna. Dogo ya fito garau kamar yana zaune a kan kujera. Baba ya saurara har aka wuce baiti na biyu, jita ta yi ta gama.

"Ba ita ba ce."

"Haba Baba! Ita ce mana. Mutum ɗaya, waƙa ɗaya."

"Na ce ba ita ba ce. Kashe."

Malama ta harari Auta har sai da ya sunkuyar da kai. Kai jama'a, a ce mutum ya girma a gida bai san inda gidan ke yoyo ba.

Daga ranar Baba ya ɗauke wa abinci kai. A kai masa, ya tsakura, ya ture. Shayin safe ma sai ya huce a kofi. Ƙarfe huɗu na yi sai ya zauna gaban rikoda ya zuba mata ido. Gidan ya yi shirun da Malama ta yi shekara shida tana roƙon Allah ya ba ta, ga shi ya zo ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yi lallashi, ta yi faɗa.

"Baba, kai fa mai shan magani ne. A kan kaset za ka kashe kanka ka bar ni da surutun mutane?"

"Wa ya ce a kan kaset ne? Ba na jin yunwa ne."

A rana ta uku ta naɗe zaren a hankali, ta sa a ambulan, ta ce masa ko ya yarda ko kada ya yarda, gyara za ta kai. Ya bi ambulan ɗin da ido har ta fita.

Neman mai gyaran kaset a wannan zamani, wayyo. Ta shiga shagon masu gyaran waya ya fi bakwai. Wani ya juya kaset ɗin gaba da baya ya tambaye ta ina ake sa masa caji. Wani ya kira abokansa su zo su gani. Da ƙyar wani tela ya nuna mata wani lungu a ƙarƙashin matakalar bene, inda wani dattijo ke zaune tsakanin matattun rediyoyi, da gilashi biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi.

Yana ganin rubutun jikin kaset ɗin ya miƙe tsaye.

"Dogo Mai Jita! Allahu akbar! Baiwar Allah, ke 'yar gidan mutunci ce."

Shi ke nan ta taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ba ta labarin ranar da ya ga Dogo da idonsa a filin wasa, da farar riga, aka yi ruwa bai daina ba. Ya ba ta labarin wata mawaƙiya da ake kira Ta Bakin Kogi, wadda in ta buɗe baki direbobi ke tsayawa a gefen titi. Ya zagi mawaƙan yanzu kaf, ya ce inji ke musu waƙa su kuwa sai tsalle. Malama tana duba agogo, saura minti ashirin ta shiga aji.

"Malam, akwai wani wuri a ciki da nake so ka..."

"Shekara hamsin ina wannan aiki. Reza, salatif, biro na naɗewa, shi ke nan. Ko makaho ne ni zan haɗa shi."

"Na ji, amma wurin da..."

"Ki zo gobe. Dogo ai nawa ne."

Ranta ya riga ya ɓaci, ƙafafunta na ciwo, ta ce a ranta tsofaffin nan duk kanwar ja ce, ba mai sauraron wani. Ta juya ta tafi.

Washegari ta tarar da shi yana jiranta yana washe baki. Ya sa kaset ɗin a tasa rikodar. Ga shuuu ɗin nan na tsohon rediyo, ga Dogo, ga baiti na ɗaya, ga na biyu. Malama ta kasa kunne. Jita ta shigo, sai wani ɗan ƙas, sai baiti na uku.

"Tsaya. Mayar baya."

Ya mayar. Jita, ƙas, baiti na uku.

"Ina maganar?"

"Wace magana? Au, matar nan?" Ya yi dariya. "Ai Allah ya taimake ku. Daidai wurin ne ya tauye, ya yi laushi kamar an yi shekaru ana gurzarsa. Na lallaɓa na saurara, sai na ji wata mata ce kawai ke ta masifa a kan jitar Dogo, ga yaro na tsala ihu. Na ce wannan ai ƙazanta ce, na datse na yar. Ko kalma ɗaya ta waƙar ba ki rasa ba."

Malama ta zuba masa ido.

"Uwata ce."

"Na'am?"

"Matar da ka datse uwata ce! Yaron da ke ihu ni ce! Wa ya aike ka? Gyara na ce ka yi, ko shara?"

Ta manta da furfurarsa, ta manta ita malama ce. Ta zazzage masa tas har tela ya leƙo. Dattijon ya cire gilashin ido, ya cire na goshi, ya rasa wanda zai goge. A hankali ya ce, "Ba ki faɗa mini ba." Wannan ce ta fi yi mata zafi, don gaskiya ce.

Su biyu suka durƙusa suka zazzage gwangwanin shararsa. Guntayen waya, ƙonannen dalma, ganyen shayi. Suka sami guntun zaren a ƙasa, bai fi kamu biyu ba, a jiƙe, a dunƙule. Da ta warware shi sai launin ruwan ƙasan jikinsa ya biyo yatsunta, ya bar leda fara da ake hango haske ta cikinta. Garin neman gira an rasa ido. Ta tsaya tana kallon yatsunta, ta kasa gogewa.

Ƙarfe huɗu saura kwata ta shiga gida. Duk hanya tana shirya yadda za ta faɗa wa Baba, amma da ta ga yadda ya miƙo hannu biyu ya karɓi kaset ɗin, sai ta fasa. Ta koma bakin ƙofa ta tsaya, jaka a kafaɗa.

Ya kunna, ya ƙure ƙara kamar kullum. Ya gyara zama, har da kaɗa ƙafa. Baiti na biyu ya ƙare. Ya karkata kai wajen rikoda. Ƙas. Baiti na uku.

Ƙafar ta tsaya. Ya mayar baya. Ƙas. Ya sake mayarwa. Bai juyo ba, kuma yau bai ce a ji hannu ba. Ta ga ƙeyarsa, ta ga yadda wuyan rigar ya yi masa yawa a kwana huɗun nan, tausayi da haushi suka taru suka cika ta. Haushin mai gyara, haushin Auta, haushin kanta, har da haushin Inna da ta tafi ba ta bar komai ba sai faɗa.

Ya mayar karo na huɗu. Malama ta san wurin kamar yadda ta san sunanta, sau dubu nawa ta ji shi tana tsaki. Jita ta shigo, ta ƙirga bugu uku, ta ɗaga murya daga bakin ƙofa:

"Don girman Allah ka rage wannan abu, yarinya na barci!"

Baba ya danna rikoda ta tsaya. Ta jira ya yi kuka, ko ya kore ta.

"Ba haka take cewa ba," in ji shi, bai juyo ba. "Kin yi sauri. Kalmar abu ɗin nan janta take yi. Kuma ta fi ki jin haushi."

"Baba, wallahi yau ba wanda ya fi ni jin haushi a duniya."

"To nuna mu gani."

Ya mayar baya. Ta share fuska da gefen mayafi, ta ja numfashi, ta jira jita. Wannan karon ta ja abu ɗin, ta zuba masa duk abin da ke cikinta, har muryar ta fashe a kan barci.

Baba ya yi wata 'yar dariya, guntuwa, irin ta cikin kaset ɗin, sai dai ta tsufa. Sannan ya miƙa hannu ya murɗa maɓallin, waƙar ta yi ƙasa har sai an kasa kunne. Shekara arba'in da uku da roƙonsa, sai yau ya rage.

Suka saurari sauran waƙar a haka har ta ƙare.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Akwai sauran abinci?"

"Akwai."

"Kawo. Kuma gobe kada ki tsaya surutu a makaranta. Ƙarfe huɗu ne."