Zugazugi a Kan Rumaisa

Inna Luba ta riƙe hannun jikarta Rumaisa gam, kamar wani zai ƙwace ta. Tun a motar Gezawa take mita, ita fa ba ta yarda da awon ƙwaƙwalwar nan ba, ta ji an ce kai ake tsagawa. Shi ya sa jiya ta zaunar da Rumaisa ta yarfa mata ƙananan kitso masu tsauri, wai ta ga mai ƙarfin halin tsefe su.

Maijidda, uwar yarinyar, tana biye da surukarta. Da ciwon sikila aka haifi Rumaisa, kamar yayanta Basiru, wanda ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Har yau jan ƙafa yake. Tsoron kada a maimaita ne ya kawo su asibiti.

"Inna, ko silin gashi ba zan taɓa ba," in ji Khaulat, ma'aikaciyar da ke awon, tana dariya. Ta shafa wa Rumaisa mai a gefen goshi, ta ɗora wani abu mai kama da 'yar tocila. Sai na'ura ta kama: fuu, fuu, fuu.

"La'ilaha illallahu!" Inna ta dafe ƙirji. "Zugazugin maƙera ne a kan yarinyar nan? Ashe shi ya sa ba ta jin kira!"

Rumaisa ta ƙyalƙyale da dariya, sai da aka lallaɓa ta ta nutsu.

"Ƙarar jini ce," in ji Khaulat bayan ta gama. "Nata ya cika gudu, alamar hanyarsa ta fara tsukewa."

Maijidda ta miƙe zumbur.

"Kwantar da hankalinki, Maman Rumaisa, kun zo a kan kari. Bincike ya nuna akwai maganin da in tana sha kullum, haɗarin shanyewar yana raguwa ƙwarai, da yardar Allah."

Inna ta ƙura wa na'urar ido. Can ta ce, "Wato da an saurari kan Basiru..."

"A lokacin awon bai iso mana ba, Inna," in ji Khaulat.

Tsohuwa ta goge ido da gefen mayafi, ta gyara zama.

"To, 'yar nan, ki tanadi man naki da yawa. Akwai masu ciwon nan a ƙauyenmu, ni da kaina zan kwaso miki su. Kitso kuwa ba zan ƙara wahalar da yatsuna ba."