Umarnin Jira

Tun da kunnen Baba ya mutu, hanya ɗaya ce ta rage tsakaninsa da Auta, wato faks. An saya masa wayar hannu, ya jefa ta cikin akwatin tsofaffin agoguna, ya ce yatsun da suka tsufa a gyaran agogo ba za su ƙare da shafar gilashi ba. Shi dai a ba shi takarda da biro. Sai ya cika shafi da ƙananan rubutunsa, ya cusa a injin, shafin ya fito a ɗakin Auta can wani gari mai nisa, ita ma ta mayar masa da amsa.

Da injin Auta ya lalace ba ta damu ba. Aikinta ke nan, ita ke kula da kwamfutocin wani kamfanin jigilar kaya. Ta tono wani tsohon modem a ƙarƙashin gado, irin ɗan akwatin nan mai haɗa kwamfuta da layin waya, ta kakkaɓe ƙurarsa, ta jona. Modem kuwa bawan umarni ne, ba ya ko tari sai an ce masa yi. Ta rubuta masa ya zama faks, ya zama. Ta ce buga lambar Baba, ya buga. Haka suka yi ta tafiya lafiya, har kwanan baya da abin ya rikice.

Shafukan Baba suna zuwa, nata ne ba sa tafiya. Modem ya buga, ya yi jim, ya kashe layi, allo ya nuna babu amsa. Baba ya rubuto cewa injinta ne ba shi da kunya, nasa garau yake, kuma shi ma garau yake. Daga baya shafukansa suka fara gajarta. Na ƙarshe layi ɗaya ne: in aiki ne ya yi mata yawa, ba komai, ya gane. Wannan layin ya ƙona mata rai ba kaɗan ba.

Ga kuma Yaya, babban wanta, wanda ke gari ɗaya da Baba. Ya daɗe yana so ya kwashe tsohon ya mai da shi gidansa. Baba ya ce sai dai a fitar da shi da kujerarsa, Auta ta goya masa baya, aka tsaya a kan cewa muddin yana iya hidimar kansa, a bar shi a ɗakinsa. Hujjar Auta kullum ita ce shafukan nan. Mutumin da ke rubutu haka, in ji ta, babu abin da ya same shi.

Ranar Asabar da hantsi ta share tebur, ta ture kofin shayi gefe, ta zauna gaban kwamfuta kamar mai shirin dambe. Auta mace ce mai gaggawa. Tun tana ƙarama ita ke ƙarasa wa mutane maganarsu, har Baba kan ce ita agogo ce mai gudu, ya rasa inda zai taɓa ya rage mata. To ranar ma da gudu ta fara. Ta rage wa modem saurin turawa, ko tsohon injin Baba ne ba ya iya kamawa. Bai yi ba. Ta sauya yadda kwamfuta ke zuba masa bayanai, ta sa ya riƙa cewa dakata in cikinsa ya cika. Bai yi ba. Ta sauya igiyar, ta zagi kamfanin layi, ta zagi wanda ya ƙera modem ɗin da danginsa. Allo dai bai sauya magana ba.

Sai da dabara ta ƙare mata ta tuna ashe tun farko ita ta kashe lasifikar modem ɗin, don kukansa na damunta. Duk tsawon nan umarni take bayarwa, ba ta taɓa sauraron abin da ke faruwa a layin ba. Ta rubuta ATM2, wato ya bar lasifika a buɗe daga farko har ƙarshe, ta sake bugawa.

Waya ta yi ƙara. Aka ɗauka.

Ta san tsarin ɗakin kamar tafin hannunta. Akwai waya mai fitila a gefen kujerar Baba, in ta haska sai ya ɗaga kan wayar ya ajiye a hannun kujera, ya taka zuwa teburin jikin taga ya danna koren maɓalli, don injinsa ya daɗe da daina ɗauka da kansa. Tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba.

Ta ji an ajiye kan wayar. Ta ji agogunan bango suna ta ƙas-ƙas ɗinsu. Sannan ta ji nishi, kujera ta yi ƙara, aka koma aka zauna, aka sake yunƙurawa. Sai wani sauti da ba ta sani ba a ɗakin nan: ƙwas na sanda a kan siminti, da jan silifa a bayansa.

"Ina zuwa, Auta," in ji muryar Baba, da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. "Tsaya mana, 'yar nan. Ga ni nan zuwa."

Modem ya kashe layin.

Auta ta zauna ba motsi. Rabonta da muryar nan har ta manta. Ta yi kuka, kukan tausayi da na jin kunya a haɗe. Ashe duk bugun da take yi a jere, tana tsaki, tsohon tashi yake yi kowane karo, ya isa teburin ya tarar an tafi, ya koma ya zauna, fitila ta sake haskawa. Kuma bai taɓa rubuta kalmar sanda ba, don ya san inda kalmar za ta kai shi.

Gyaran bai fi layi ɗaya ba. Akwai adadin lokacin da modem ke jiran amsa kafin ya haƙura, ta tura shi har iyakar abin da zai ɗauka, ta faɗa wa manhajar faks da ke kwamfutarta ita ma ta daina gajen haƙuri. Abin da ya fi wuya shi ne shafin. Wanda ta shirya dogo ne, cike da bayanin layi da laifin injina. Ta goge shi, ta rubuta wani.

Kafin ta tura ta kira Yaya.

"Yaya, don Allah in ka je yau, ka matsar wa Baba da teburin faks kusa da kujerarsa."

"Me ya samu inda yake?"

Auta ta auna abin a ranta. In ta faɗa, hujjarta ta faɗi, wataƙila ɗakin Baba ma ya tafi da ita. In ta ɓoye, ranar da sandar ta zame babu wanda zai ji.

"Da sanda yake tafiya yanzu," ta ce. "Amma kar ka yanke komai sai na zo. Mu zauna mu uku, shi ma ya faɗi nasa."

Yaya ya ja dogon numfashi. "Ɓoye ta yake yi ke nan in na shigo. To, Allah ya kawo ki."

Ta bari sai da ta tabbatar tsohon ya huta, sannan, tun kafin Yaya ya je, ta buga sau ɗaya. Aka ɗauka. Kujera ta yi ƙara, sanda ta fara ƙwas ɗinta. Auta ta ɗauke hannuwanta daga kan kwamfuta ta ɗora a cinya, tana bin kowane taku da kunne. Can sai injin Baba ya saki siririn kukansa, modem ya amsa, shafin ya fara tafiya a hankali.

Ga abin da ya fito wa Baba a jikin taga, da manyan baƙaƙe: "Baba, taka a hankali. Ina nan, ba zan kashe ba."