Wankin Zannuwan Majami'a

Da dattawan ikilisiya suka zauna a kan lalacewar tarbiyya, kowa ya kawo tasa. Ma'aji ya ce giya ce, Fasto ya ce iyaye ne suka yi sake. Tela kuwa, da yake komai na duniya da tef yake auna shi, ya ce ɓarnar daga gwiwa ta faro. Ya ba da shawara a ajiye kwandon zannuwa a ƙofar majami'a, duk wadda rigarta ba ta sauka ba a miƙa mata ɗaya ta ɗaura. Aka amince, aka ce tunda shi ya kawo maganar, shi zai tsare ƙofar.

Da hannunsa ya ɗinka su daga ragowar yadin labule, ya kalmashe bakinsu tsaf. Ba ya faɗa da kowa, miƙawa kawai yake yi yana kallon gefe. Cikin 'yan watanni babu sauran gajeriyar riga a majami'ar. 'Yan matan ma babu. Tela ya shaida wa dattawa an samu ci gaba, matarsa kuwa ta ce in ya ƙara himma kaɗan, zai gyara ikilisiyar har ya rage daga shi sai benci.

Ana haka Auta ta zo hutu. 'Yarsu ce ta ƙarshe, tana aikin ofis a wani gari, rabonta da sujada an daɗe. Uwar ta yi ta lallashinta har ta yarda za ta je ranar Lahadi, amma ta ce labarin kwandon ya iske ta, kuma in aka miƙa mata zane a gaban jama'a, juyawar da za ta yi ita ce ta ƙarshe. Tela ya ji wannan daga bayan keken ɗinkinsa. Ya kuma ga rigunan Auta a kan igiya, bai buƙaci tef ba.

Ya rasa yadda zai yi. In ya ƙyale ta, Ma'aji yana nan da idonsa. In ya miƙa, ya rasa 'yarsa a gidan Ubangiji. Sai ya tuna, kamar daga sama, cewa tsabta ma tarbiyya ce, kuma zannuwan nan ba su taɓa ganin sabulu ba.

Da safiyar Lahadi ya riga kowa zuwa, ya jiƙa su duka a baho a bayan majami'a, ya shanya ba tare da ya matse ba. Matarsa ta same shi hannun riga a naɗe. Ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya wanke ko hankici ba, lallai farkawa ta zo wa ikilisiya.

Ma'aji ya tambayi kwandon, Tela ya nuna masa igiya. Wasu baƙi mata biyu suka wuce da rigunan da a makon jiya da sun sha zane, Tela kuwa ya duƙufa karanta allon sanarwa.

Sai ga Auta. Rigar uwarta ce a jikinta, kafaɗa ta zube, ƙasan yana sharar hanya. Ashe ta aro ta ne don kada ta kunyata shi a ƙofarsa. Ta tsaya, ta dubi zannuwan suna ɗigar ruwa, ta dubi wandonsa da ya jiƙe har gwiwa.

“Baba, wa ya yi wanki ranar Lahadi?”

“Shiga, an fara waƙa,” in ji shi.

Ta danne dariya ta shiga, ta zauna kusa da uwarta. Tela ya bi rigar da kallo, yana lissafin inda zai rage mata a kafaɗa.

Ma'aji ya matso ya ce maganar wankin nan sai ta je gaban dattawa, domin lalacewar ta kai inda ba a zata ba. Ya kuma tambayi yaushe zannuwan za su bushe. Tela ya ɗaga kai ya dubi rana tana ƙwallewa, ya ce yadin labule ba ya son gaggawa, zai iya kai wani makon.

Ana cikin wa'azi, waɗanda ke kusa da taga suka hango Tela a bayan majami'a da bokitin ruwa a hannu, ya nufi zannuwan.