Kyandir a Rumbun Kawu Gavril

Ƙauye na tara ke nan Domnica ta sauka a makon, da littafinta na ba da maki. Ƙungiyar manoman inabi ce ta aike ta gida-gida, ta ɗanɗana giyar da kowa ya matsa, ta rubuta wadda ta isa zuwa baje koli a Chisinau, babban birnin ƙasar. Shekara huɗu ta yi tana karatun wannan aiki, amma har gobe tsofaffi kan raka ta da harara, wai yarinya ce mai tofar da abin da aka ba ta.

Gidan da take fargaba shi ne na Kawu Gavril, yayan mahaifiyarta. Ta same shi da hantsi a gindin bishiyar goro, matarsa Inna Profira na yanka tuwon masara da zare.

"Ga likitar ganga ta iso!" in ji shi. "Kin zo ki koya wa kifi iyo?"

"Na zo in ji ko ta bana ma tsami za ta yi kamar ta bara, Kawu."

"Ji bakinta! Profira, miƙo tulu."

A nan ba a shayar da baƙo sai daga ganga, a rumbun ƙasa, mai gida na gaba. Domnica ta tsaya a bakin matakala, ta ji sabuwar giya na ta ƙugi a ƙasa kamar tukunya a wuta. Ta san iskar da giya ke fitarwa in tana tafasa: ba launi, ba wari, sai ta kwanta a ƙasa ta kori numfashi.

"Kawu, yaushe rabonka da buɗe ƙofar nan?"

"Kwana uku. Sanyi ke ɓata giyar."

"To kunna kyandir tukuna."

"Ubana ya sauka da kyandir don ba shi da lantarki. Ni ina da shi." Ya danna makunni, ya gangara yana waƙa.

Ita ta kunna kyandir ɗin da ke kan taga, ta bi shi a hankali, ta miƙa shi wajen gwiwarta. A taki na biyar harshen wutar ya yi shuɗi, ya mutu. Daidai nan waƙar ta yanke. Ta hango shi ya durƙusa wajen famfon ganga, sai ya kife kamar buhu.

Inna Profira ta ƙwalla ihu ta yo matakala. Domnica ta tare ta da ƙirji, ta ingiza ta baya.

"Sake ni, 'yar nan, mijina ne!"

"In kin shiga gawa biyu za a fitar! Igiyar rijiya, Inna! Kira Toader!"

Toader maƙwabcinsu ya tsallako shinge da gudu. Domnica ta ɗaura igiya ɗaya a ƙugunta ta ba Inna bakin, ta riƙe ta biyu. Ta ja numfashi sau uku, ta riƙe na huɗu, ta sauka.

Taki goma sha huɗu ne, ta ƙirga su. Kawu nauyi gare shi kamar an jiƙa shi. Ta cusa igiya ta ƙarƙashin hammatarsa, ta suɓuce. Ƙirjinta ya fara ihu, kunnuwanta na kaɗawa, jikinta duka na roƙonta ta shaƙa ko sau ɗaya. Ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini. Ta sake cusawa, ta ƙulle, ta fizga igiyar, ta rarrafo sama da duhu-duhu a idonta.

Su uku suka jawo shi, dugadugansa na bugun matakala. Fuskarsa ta yi launin toka. Domnica ta durƙusa tana hura masa iska a baki, tana kuka, tana zaginsa a zuci. Can sai ya yi wani irin tari, ya juya ya amayar.

Bayan motar asibiti ta zo an sa masa abin shaƙar iska, sai aka lura yatsunsa na maƙale da hannun tulu, da 'yar giya kamar kurɓi biyu a ciki. Ya janye abin daga bakinsa.

"To, likita," muryarsa a shaƙe, "ga ta daga ganga. Nawa?"

Toader ya zare tulun daga hannunsa ya miƙa mata. Ta shinshina, ta kurɓa, ta juya ta a baki, ta tofar a gindin goro.

"Shida cikin goma. Ba ka wanke gangar da kyau ba."

"Shida! Profira, kin ji marar kunya?"

"Na ji," in ji Inna, tana share hawaye da gefen ɗankwali. "Rufe bakinka ka shaƙi iska."

Domnica ta rubuta shidan, ta ɗauki kyandir ɗin ta kafa shi a taki na farko na matakalar rumbun.