Tafiyar Inna a Kan Dandamali

Da Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, shugaban ƙungiyar rawarmu ya zo dubiya har da ledar lemo. Mai Sanda muke ce masa, don da sanda yake buga mana ƙidaya a ƙasa. Ya zauna ya ƙi tashi, yana kallon Inna tana jan ƙafa daga gado zuwa banɗaki, hannun dama a naɗe a ƙirji. Ni sakarya har godiya na yi masa. Ashe sata ya zo yi.

Ba a jima ba ya tsayar da mu gaban madubin ɗakin gwaji, wai ya samo sabuwar rawa a kan raunin ɗan Adam. Mu rawarmu ba ta biki ba ce, babu waƙa, jiki ne ke ba da labari. Ya karkata kafaɗa, ya naɗe hannu, ya ja ƙafa. Har cije leɓen da Inna ke yi kafin ta ɗaga ƙafa bai bari ba. Matar da ko ƙofar gida ta daina leƙawa don kada a ga tafiyarta, ita za a baje wa duk gari!

Na ce, "Malam, wannan ai tafiyar Innata ce."

Ya ce, "Tafiya ba ta da mai ita. In ba za ki iya ba, ƙofa a buɗe take."

Wallahi na tsane shi a ranar, tsana mai hana cin abinci. Amma ban fita ba. Al'adar ƙungiyarmu ce a ƙarshen kowane wasa a bar wa mutum ɗaya fili ya taka abin da ya ga dama, ba gwaji, ba tambaya. Wannan karon filin nawa ne. Sai na zuba masa ido kamar yadda ya zuba wa Inna.

Ranar Asabar da la'asar zauren wasa ya cika. Uwar ƙungiya, wadda ke ɗaukar nauyinmu, tana layin gaba, matar Mai Sanda na gefenta. Na ja ƙafa tare da kowa. Da aka bar min fili, sai na turo ciki, na riƙa buga sandar da babu ita, ina harare-harare. Can na yi kamar na hango wani babban mutum: na rusuna, ina murza hannuwa, ina dariyar yaƙe. Mutane suka fara dariya. Daga nan na zagaya bayan wata yarinya da babu ita, wai ina gyara mata tsayuwa. Hannuna ya sauka daga kafaɗarta zuwa ƙugunta, ya daɗe a can, idona yana satar kallon ƙofa.

Dariya ta ɗauke ɗif. 'Yan matanmu da ke tsaye a bayana suka sunkuyar da kai. Sai tafi ya ɓarke. Matar Mai Sanda ba ta tafa ba, jakarta ta ɗauka ta fice.

A bayan labule uwar ƙungiya ta tare shi. "Malam, wannan mugun mutumin da yarinyar nan ta taka, a ina ka samo shi? Kada a taɓa cire shi, shi ne wasan!"

Ya rusuna, ya fara murza hannuwa, sai ya farga ya ɓoye su a baya.

Washegari ya kira ni gefe, murya ƙasa-ƙasa. "Na cire tafiyar mahaifiyarki. Ke ma ki cire abin nan, don Allah."

Na ce, "Ayya Malam, ina ni ina saɓa wa uwar ƙungiya?"

Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma ban ji tausayinsa ba ko na ƙwayar zarra. Yanzu duk Asabar yana tsaye a bayan labule, kuma shi da kansa yake buga min sanda in shiga.