Yatsan Numerius

Ranar da za a ƙone gawar Numerius maƙeri a bayan ƙofar garin Capua, hankalin ƙanensa Vibius yana can wajen wasan takobi da za a fara da hantsi. Yayanka kwance bisa itace, kai kana ta leƙen rana! Rashin kunya dai ba ta wuce wannan.

Tertulla, matar mamacin, abu ɗaya take jira. Kowa ya sani ba a sa wuta sai an yanke yatsa guda an binne. In ba haka ba, mamaci ba shi da kabari, sai yawo ba masauki.

Mai yankan yatsan yana gefe yana wasa wuƙa, sai Vibius ya fizgi bakin wuta, ya kau da fuska yadda al'ada ta ce, ya cusa cikin itacen. Da yake bai duba ba, bai ga hannun wansa da yatsu biyar cif ba. Itacen kuwa ya sha mai, nan take ya kama.

"Yatsan fa?" in ji Tertulla.

"Af, na ɗauka an yanke," in ji Vibius. "To, aikin gama ya gama. Yi haƙuri, matar yaya, tokar ma ta isa."

"Ta ishi wa? Mutumin da ya goya ka, ya koya maka riƙon guduma, shi za ka hana ƙasa cikin tafi don kana sauri?"

Ta dubi mazan da ke tsaye. Kowa ya sunkuyar da kai, har waɗanda suka shekara suna cin gurasa da zaitun a gidansa. Tir da irin waɗannan maza.

Ta fizge wuƙar, ta tsoma mayafinta a tulu, ta lulluɓa, ta kutsa cikin hayaƙin. Yatsan maƙeri ba ya yankuwa da sauƙi, sai da ta murɗe shi ta tsinke.

Ta fito gashi a babbake, fatar hannu na saɓulewa.

"Wannan ba aikin mace ba ne," in ji Vibius. "Kin ja mana magana."

Ko kallo bai ishe ta ba. Ta durƙusa bakin ɗan ramin da aka tona, amma hannun da ya ƙone ya ƙi buɗuwa. Da haƙori ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, har na mijin ya faɗa ciki. Ta tura ƙasa da gwiwar hannu.

"Kwanta, maigida," ta ce. "Ka samu wuri."