Ƙaramin Cokalin Shayi

Fadl bai taɓa shiga jirgin ruwa ba, ko na shawagin Nilu da yara ke hawa ran salla. Amma in ka zaunar da shi, zai ba ka labarin yadda manyan sojan ruwan Ingila suka yi ta ja-in-ja a kan Bahar Rum lokacin yaƙin Hitila, kamar da shi aka yi.

A bakin teburin cin abinci ya koya. Ya daɗe yana aikin kuku a Zamalek, unguwar masu hali a babban birnin Masar, gidan wani tsohon Bature da ake kira Kyaftin, wanda a samartakarsa shi ke kai saƙon waya tsakanin Landan da ofishin babban kwamandan ruwa a Iskandariyya. In Kyaftin ya ci ya ƙoshi ba ya bari a kwashe tebur. Sai ya jawo kwalbar gishiri tsakiya, ya ce ga tsibirin Malta, yunwa na cin mutanensa. Ya jera cokula, su ne jirage. Kwalbar barkono kuwa can ƙarshen tebur yake kai ta, ita ce Landan.

Kwamandan Iskandariyya ya ce a dakata da tura ayarin jiragen da zai kai wa tsibirin abinci, ba shi da isassun jiragen sama da za su yi wa ayarin rumfa, ga abokan gaba a gaɓa dama da hagu. Landan ta ce in tsibirin ya faɗi, an buɗe musu hanyar kai makamai Libiya, daga nan sai Masar. Kowa da hujjarsa. Saƙo ya je, saƙo ya dawo, har na nesa ya rinjayi na kusa. Daga nan Kyaftin zai riƙa ture cokulan ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa ƙasa, Fadl yana tsincewa.

Wata rana ya tsinci ƙaramin na shayi, ya ce, "Wannan fa, ranka ya daɗe?"

"Jirgin kaya ne. Garin alkama da mai."

Fadl ya riƙe cokalin a hannunsa. Ubansa Lawal Bakano ne da ya taso hajji da ƙafa, guzuri ya ƙare masa a Bor Sudan, ya yi aure, ya kama aikin zuba wa inji gawayi a jirgin kayan Turawa. Fadl yana cikin uwarsa aka wuce da jirgin Iskandariyya, aka sa shi a irin wannan ayari, bai dawo ba. Ba a ga gawa ba, sallar ga'ib aka yi.

Sai Fadl ya ce, "To shi kwamandan, tunda ya sani, me ya hana shi ƙi?"

Kyaftin ya daɗe yana juya kwalbar barkono. Ya ce da ya ƙi, da sun cire shi sun kawo wanda bai san tekun ba, kuma ayarin sai ya tafi. Shi ya sa ya zauna ya tsara musu tafiyar da hannunsa.

A ransa Fadl ya ce kwamandan nan ragon namiji ne. Da wannan hukunci ya zauna, har Kyaftin ya mutu, har shi ma ya tsufa ya koma unguwar Ainu Shams wurin 'yarsa Mahasin, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Ukasha.

Da bazarar 2014 maganar tafiyar Ukasha ta taso. Ya'ƙub, wan uban yaron, yana Landan yana tuƙa tasi, shi ya ɗaure komai ta waya da wani simsar, irin dillalan nan da ke tsallakar da mutane Italiya a kwalekwalen masunta. Sai da aka gama aka gaya wa Fadl, shi ma don Mahasin ta kasa ɓoye kumburin idonta.

Da safe suna kan farantin ful, dafaffen waken karin kumallo, Fadl ya ce wa jikansa, "Kai, ɗan nema. Na ji za ka je ka ciyar da kifi."

"Tsoho, kishi kake," in ji Ukasha, yana dangwalar burodi. "Ka ga zan dawo da kwat da mota, 'yan matan layin nan da kake yi wa kwalliya da farar jallabiya duk su dawo wurina."

"Ka iya ruwa?"

"Ka iya tauna? Bar mini ɓawon burodin nan, ba sa'anka ba ne."

Haka suke tun yaron na rarrafe. Fadl ya kira shi ɓarawo, ya kira shi mummuna, ya sha yi masa alkawarin sayar da shi a kasuwar raƙuma. Jika da kaka, ba a riƙe magana. Yau da yake son a riƙe, sai ya tarar ba shi da wata murya dabam da zai yi ta da ita.

Ya jawo gishiri tsakiyar faranti, ya jera cokula. Ya soma bayani a natse: ga Iskandariyya, ga ruwan da za a bi, ga inda jiragen ƙarfe masu bindiga suka nitse, balle katakon masunta da aka danƙara wa mutane. Ya ɗaga ƙaramin cokalin ya ce, "Wannan kakan uwarka ne."

Ukasha ya fizge cokalin ya tsoma a kofinsa. "To bari ya dama mini shayi, ya samu lada. Umma, tsohonki ya tayar da yaƙin nan nasa. Ko dai Kyaftin ya bar masa aljanunsa ne?"

Mahasin ba ta yi dariya ba. Da yaron ya fita ta ce, "Baba, ni ba ya jin tawa, kuma ba ni da bakin musu da dangin ubansa. Ka kira Ya'ƙub."

Ya kira bayan la'asar. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi sanyi, aka tambayi ƙafa.

"Ya'ƙub, ni nake nan, ni nake ganin abin. A layinmu kaɗai gida biyu ake zaman jiran waya tun bara. Ka dakata, a nemi wata hanya."

"Alhaji, Allah ya ƙara girma, wace hanya? Ya nemi biza an hana. Takardar zamansa ta mutu, kullum yana ɓuya in ya ga 'yan sanda. Yana gyaran waya a tebur a bakin titi, su zo su kwashe. So kake ya tsufa a haka?"

"Ya tsufa ɗin nake so."

"Ni ma ta ruwa na zo, ga ni."

"Kai ka isa, shi ya sa ake jin muryarka. Waɗanda ba su isa ba ba a tambayar su."

Da Ya'ƙub ya sake magana, muryarsa ta ƙara ladabi, Fadl kuwa ya san abin da ladabin ke nufi.

"Ma'alish, ka yi haƙuri, Alhaji. Amanar ƙanena ce, ni za a tambaya. Kun yi riƙo, Allah ya saka. Abin da muke nema wurinka addu'a ce. Khalas, magana ta ƙare, an riga an sa rana."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne mutumin ba ƙarya yake ba. Duk abin da ya faɗa haka yake.

Kwanakin da suka biyo, ba dabarar da bai juya ba. Ya kai ƙara wurin 'yan sanda? Yaron za su fara kamawa, su jefa shi Sudan, ƙasar takardarsa, wadda bai sani ba. Ya kwanta ciwon ƙarya? Ukasha ya leƙo ya ce, "Ka daure ka mutu bayan na tafi, ba ni da kuɗin likkafani." Ya je wurin limamin zawiyarsu, liman ya ce ɗa na dangin uba ne, kakan wajen uwa sai dai shawara. Ya rantse ba zai sa albarka ba, ba zai raka ba. Mahasin ta dube shi ta ce, "To ya tafi ba albarka ke nan, Baba?"

Ran tafiya tun da hantsi ya shiga mitro, jirgin ƙasan cikin gari, ya bi shaguna har ya samu rigar ruwa, irin mai hana nitsewa. Ya matsa ta, ya ja ɗinkin, ya ƙi ta farko da ta biyu. Ya sa Mahasin ta ɗinke lambar wayarta cikin leda a ƙugun wandon yaron. Ya sayi dabino da busasshen burodi. Yana cikin ɗaure su ya tuna da mutumin da ya yi shekaru yana kira rago, sai ya tsaya da igiyar a hannu, can ya ci gaba da ɗauri.

A tashar Ramsis, jirgin ƙasan Iskandariyya na tsaye. Ya kama hannun jikansa da ƙarfi.

"Ka saurara. Kada ka yarda a sa ka ƙasa wajen inji, ko za su doke ka. Ka zauna sama, tsakiya. In mutane suka ruga gefe guda, kai kada ka bi. Rigar nan ka sa ta tun a gaɓa, kada ka ba kowa."

"Tamam, Kyaftin." Ukasha ya ƙame ya sara masa. Ya juya rigar yana dariya. "Kalar lemo? Wannan ai ramuwa ce, so kake 'yan matan Italiya su guje ni."

"Ukasha."

Bai taɓa kiran sa da sunan ba tare da wani zagi a gaba ko a baya ba. Yaron ya ɗan tsaya, ya dubi fuskar tsohon, kamar zai gane. Sai mai duba tikiti ya buga ƙofa yana yalla yalla a yi maza a hau, dariyar ta dawo.

"Kai tsoho, har da hawaye? Wallahi ka iya wasa. Ka riƙe mini 'yan matan, kada ka taɓa ko ɗaya."

Ya haye. Fadl ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne abin da ya saba fitowa.

"Tafi can, mummuna."

Ya tsaya har jirgin ya ɓace. Da ya isa gida ya tarar Mahasin ta sa wayarta a caji ta zauna kusa da ita a ƙasa, farantin safe ba a kwashe ba. Ya ɗauka ya kai kicin. Ƙaramin cokalin na cikin kofin yaron. Ya wanke shi, ya goge, ya rasa inda zai ajiye, sai ya sa a aljihu ya dawo ya zauna kusa da 'yarsa.